Yadda Ake Fesa Bedlaina a Bamba, Madigadi da Ƙarafan Gefen Motar Daji

Motar da ke yawan bin burji da hanyoyin daji, ko Hilux ce ko Land Cruiser, tun injinta na da sauran ƙarfi za ka ga ƙasa-ƙasan jikinta ya fara nuna gajiya. Tsakuwar da tayoyin gaba ke watsowa tana cinye fentin gindin ƙofofi, ƙaya tana kartar gefe, yashi yana goge bamba, in damina ta sauka kuma laka ta maƙale a inda fentin ya fashe, tsatsa ta samu wurin zama. Saboda irin wannan wahala ne masu motocin daji a Amurka da Ostareliya da Afirka ta Kudu suka ɗauko fentin nan mai kauri da kaushi da aka yi domin bayan a-kori-kura, wato bedlaina, suka riƙa fesa shi a bamba da madigadi da ƙarafan gefe. Yana aiki, yana kuma daɗewa. Sai dai yana da sharaɗi mai tsauri: ba ya kama datti, ba ya kama sulɓi, ba ya kama tsatsa. Fesawar kanta ba ta wuce aikin awa biyu ba. Wanki da gurza da rufe-rufe su ne ke cin yini guda ko biyu, kuma a nan ne aikin yake kyau ko ya lalace.

Ka fara sanin wane iri ne a hannunka

Akwai wanda kamfanoni irin su Line-X da Rhino Linings ke fesawa a shagunansu. Wannan da babban inji ake yin sa, ana dumama sinadarai guda biyu, su haɗu a bakin bindigar feshi, su daskare cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Kaurinsa a bayan mota yakan kai milimita 3. Ba aikin gida ba ne, ba kuma aikin ƙaramin gareji ba ne.

Wanda fenta ko mai mota zai iya yi da kansa shi ne fentin foliyuretan mai haɗi biyu, wanda ake rubuta wa 2K a jikin kwali. Sananne a cikinsu shi ne Raptor na kamfanin U-POL na Ingila, kuma da shi zan riƙa ba da misalin awo. Yana zuwa ne a kwalabe, kowace da mililita 750 na fentin, sai hadna, wato ruwan da ake haɗawa da fentin ya taurara, a gwangwani dabam. Kwali mai lita huɗu yakan rufe wajen murabba'in mita 11 zuwa 12, wanda ya ishi bamba biyu da madigadi huɗu da ƙarafan gefe har da saura. Shafi biyu na wannan bai kai kaurin milimita ɗaya ba, don haka kada ka sa ran zai tare dutse daga lotsa ƙarfe. Abin da yake tarewa shi ne karta da gogewa da feshin tsakuwa.

Sai kuma na gwangwanin feshi mai haɗi ɗaya, da wanda ake shafawa da rola irin Herculiner. Na gwangwani mai haɗi ɗaya yana da sauƙin aiki, amma bai kai mai hadna tauri ba, kuma bai kai shi jure fetur da man birki ba. Ya dace da ƙananan abubuwa, kamar marfin madubi ko ƙafar fitila. A bamba kuwa, ni dai mai hadna nake ba da shawara.

Abu biyu za ka tambaya kafin ka biya kuɗi. Na farko, yana jure rana? Irin da ake kira aromatik yana kodewa, baƙinsa ya koma toka-toka ya riƙa fitar da gari, alifatik kuwa yana riƙe launinsa. A ƙasar da rana ke dukan mota yini guda, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Na biyu, ka tabbata ba baƙin kwaltar nan da ake fesa wa ƙarƙashin mota aka miƙo maka ba. Da bindiga iri ɗaya ake fesa su, a ido ma suna kama da juna, amma mai kwalta ba ya taurara, zafi yana sa shi laushi, yana kuma kama ƙura. Ka duba hadnar ma: in ta yi kauri, ko ta yi gudaji, ko bakin gwangwanin ya yi ɓawo, danshi ya riga ya shige ta, ka bar musu kayansu.

Inda ya dace da inda bai dace ba

Wuraren da suka fi cin moriyarsa su ne bambar ƙarfe ta gaba da ta baya, gadin gaba, leɓen madigadi, gindin ƙofofi daga layin jikin mota zuwa ƙasa, matakalar gefe, kariyar ɗora kaya ta saman mota, da tsanin baya. A kan matakala ma kaushinsa yana hana ƙafa zamewa in akwai laka.

Fesa wa mota gaba ɗaya wata magana ce dabam, kuma ina so ka yi dogon tunani kafin ka shiga. Wannan fenti in ya kama, cire shi sai da injin gurza da kwanaki na aiki. Ba a goge shi ya yi sheƙi. Kaushinsa yana riƙe jar ƙasa, sai da burushi take fita. Baƙi a bonet da rufi yana zuƙar zafi, wanda ke cikin mota a watan Afrilu shi zai gaya maka. Ranar sayarwa kuma, mai saye yakan yi zargin an rufe haɗari ne ko tsatsa, ya rage farashi. In kuma launi za ka canza, ka tuna launin da ke rubuce a takardun motar, ka je a gyara su. A Najeriya akwai dokar da ta hana farar hula sa wa mota koren sojoji, kuma wannan koren yana cikin launukan da masu motocin daji na ƙasashen waje suka fi so, to kada hotunansu su ja ka.

Akwai wuraren da ko ɗigo bai kamata ya taɓa ba: salansa da duk abin da ke kusa da ita, faifan birki da abin da ke kama shi, haƙarƙarin lagireto, sandar shokozoba, robobin ƙofa, zaren noti, wurin da wayar at ta wutar mota ke kama jikin mota, lambar shasi, da idanun na'urar jin kusanci da ke jikin bambar sababbin motoci. In rim za ka fesa, ka rufe bayansa inda yake zama a jikin hob, wato gindin da ake ɗaure taya a kai, da ramukan da noti ke kwanciya. Fenti mai kauri a wannan wuri yana matsewa a hankali, notin da ka ɗaure tam ya saki a kan hanya. Ƙananan ramukan da ke gindin ƙofa da ƙarƙashin dakalin ƙofa kuma na fitar ruwa ne. Ka toshe su na ɗan lokaci, ka buɗe bayan feshi, domin in suka liƙe, ƙofar daga ciki za ta ruɓe.

Maganar numfashi

Hadnar wannan fenti tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda ke jawo asma. A shekarar 2003 wani ma'aikaci a jihar Mishigan ta Amurka ya rasu sakamakon tashin asma bayan ya fesa bedlaina a cikin wata mota, kuma a 2006 hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a can ta fitar da gargaɗi na musamman a kan wannan sana'a. Haɗarin shi ne hanci ba ya jin warin sinadarin sai ya riga ya wuce kima, kuma in jiki ya taɓa ƙin sa, ko ɗan kaɗan mutum ya shaƙa daga baya ƙirjinsa zai toshe, abin kuma yakan zauna ke nan.

Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci da takunkumin asibiti ba sa tare komai a nan. Mafi aminci shi ne takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo. In babu shi, mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi, a fili mai iska kuma ga ɗan gajeren aiki, shi ne takunkumin roba mai sababbin matatai na tururin sinadari da na ƙura, irin mai alamar A2P3, wanda ya zauna daram a fuska. Gemu mai yawa yana hana shi liƙewa, a san da wannan. A haɗa da tabarau mai rufe ido, safar hannu ta naitiril, da riga mai dogon hannu, domin ta fata ma yana shiga. Madarar da fentoci ke sha bayan aiki ba ta wanke huhu. Yaran shago su matsa nesa, ba su tsaya riƙe maka tiyo da fuska a buɗe ba. Mai asma kada ya kusanci aikin ko kaɗan. Wanda kuma ya ji ƙirjinsa ya ɗaure ko numfashinsa na fito, ko da cikin dare ne bayan an tashi aiki, ya tafi asibiti ya faɗi abin da ya fesa. Ba taba, ba walda, ba janareto a kusa, domin tururin yana kama wuta.

Kayan aiki da zaɓen rana

Kana buƙatar kwamfuresa mai riƙe iska ba tare da tana faɗuwa ba, da matatar ruwa a jikin tiyo, da bindigar da ake ɗaura wa kwalbar kai tsaye. Sai samfefa mai lamba 80 da 120 da 180 (ƙaramar lamba ta fi kaushi), jan soson karta na fenti don lungu, burushin ƙarfe, ruwan cire maiƙo na fentin mota, tsummoki masu tsabta da yawa, tef ɗin fenti, takarda da leda, firaima (fentin tushe da ake fara sawa) da ta dace da abin da za ka fesa, tina (ruwan tsinka fenti) ta wanke bindiga, da kwalaye na gwaji. Kafin ka fara, ka buɗe gindin tankin kwamfuresa ruwan da ya taru ya tsiyaye. Hadna in ta haɗu da ruwa iska take fitarwa, sai ka ga fentin ya yi ƙananan ƙuraje da ramuka.

Awon lokacin da ke jikin kwali duk a kan zafin digiri 20 aka yi shi. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura 40 a Kano da Sakkwato da Agadas. Kwalbar da aka ce tana ba ka minti 60 bayan haɗi, a irin wannan zafi tana iya fara kauri kafin rabin haka. Don haka da sassafe ake feshi, a inuwa, kayan kuma su kwana a ɗaki mai sanyi. Ka ɗora bayan hannunka a kan ƙarfen: in ya yi zafin da ba za ka iya barin hannun ba, ba lokacin feshi ba ne, domin fentin zai bushe kafin ya kwanta. Ranar da hunturu ke tashi da ƙura ka haƙura. Da damina kuma ka guji ranar hadari da safiyar da raɓa ta kwanta a jikin ƙarfe. Ka share wurin tun jiya, ka shimfiɗa tamfol, ka janye sauran motoci nesa, domin feshin yana tafiya da iska, kuma in ya sauka a gilashin wani ba ya fita da wanki.

Kwancewa da wanki

Duk abin da ke kwantuwa, kwance shi. Bamba, leɓen madigadi, matakala, kariya, a sauke su ƙasa a ɗora a kan benci ko a rataye. Fitilu, lamba, tambarin kamfani da robobi su ma a cire. Wanda ya fesa bamba tana jikin mota ba zai samu bayanta da gefunanta ba, kuma ta waɗannan gefunan ne ruwa ke fara shiga ƙarƙashin fenti. Ka zuba notocin kowane sashe a leda dabam, ka ɗauki hoto da waya kafin ka kwance.

Ka wanke da ruwa da garin sabulu, ciki da baya, har sai laka ta daina fitowa daga lungu. Ka bar shi ya bushe sarai, ka bi haɗin walda da ramuka da iskar kwamfuresa.

Daga nan sai cire maiƙo, kuma wannan kafin gurza ake yin sa. In ka fara da samfefa, man da ke sama za ka tura cikin kartar. Tsumma biyu ake riƙewa: ɗaya jiƙe da ruwan cire maiƙo a shafa, ɗaya busasshe a bi baya a kwashe kafin ya bushe, ana juya tsumman ana canzawa. Kada ka yi amfani da fetur ko kananzir yadda aka saba a gareji, suna barin maiƙo. Robobin da aka daɗe ana shafa wa man sheƙin taya a wurin wankin mota sun fi komai wahala, domin silikon ɗin da ke ciki yana korar fenti. Irin waɗannan sai an maimaita wanki sau biyu ko uku.

Tsatsa da gurza

Duk inda tsatsa take, a bi ta da burushin ƙarfe ko injin gurza har sai farin ƙarfe ya fito. Inda fenti ya kumbura, tona shi, akwai tsatsa a ƙasa. Inda ƙarfe ya huje, mai walda ne zai yanke ya sa sabo, ba fila, wato ƙullin cike lotsa, za a cusa ba. Mutane da yawa suna sayen bedlaina ne domin su rufe tsatsa, kuma nan ne babbar asara take, domin tsatsar tana ci gaba da cin ƙarfe a ɓoye, fentin yana nan tsaye a sama har ranar da yatsa zai shige. In akwai tsohuwar kwaltar ƙarƙashin mota a wurin, a kankare ta duka, bedlaina ba ya zama a kan abu mai laushi.

Tsohon fentin kamfani da bai fashe ba, ba sai an cire shi ba. Shi ne ma tushe mafi kyau. Abin da ake so shi ne a kashe masa sheƙi gaba ɗaya da samfefa mai lamba 120 zuwa 180. Bambar ƙarfe mai taurin fenti tana son 80. Ka gurza, ka share, ka karkata sashen ga haske ka duba: duk inda ya ƙyalla, ko da faɗin farce ne, koma masa. Lungu da gefuna da bakin ramuka, inda inji ba ya shiga, a bi su da hannu da soson karta. A nan gajiya ke sa mutum ya ce ai ya isa, alhali daga waɗannan wuraren ne fentin ke fara ɗagowa, in kuma ya samu baki sai ya saɓule kamar saɓar maciji. Ƙarfe mai kurom kuwa, in ba za a iya kai shi a buga masa yashi ba, gara a bar shi yadda yake.

Bayan gurza, ka hure ƙurar da iska, ka sake bin sa da ruwan cire maiƙo. Daga wannan lokaci ba a taɓa shi da hannu tsirara.

Firaima: kowane abu da nasa

Fentin kamfani da aka gurza ba ya buƙatar firaima. Farin ƙarfe yana buƙata, kuma a ranar da aka gurza shi za a sa, kada ya kwana a buɗe. In 'yan wurare ne samfefa ta ci har ƙarfe, firaimar asid ta gwangwani ta wadatar, shafi mara kauri. In sashe ne gaba ɗaya, kamar sabuwar bambar da mai walda ya ƙera, firaimar ifoksi mai hadna ita ce daidai, domin ita ce ainihin mai tare tsatsa. Alminiyom da ƙarfe mai ruwan zinki su ma sai da ɗaya daga cikin biyun nan. Kowace firaima tana da lokacin da aka ƙayyade a ɗora mata fenti. In lokacin ya wuce ta taurara, sai an sake karce ta sama-sama.

Roba kuma sai ka juya bayanta ka karanta hatimin da aka buga. In ka ga ABS, ko kuma faiba ce, karta da wanki sun kusa wadatarwa. In ka ga PP ko PP da EPDM, wanda shi ne yawancin bambar roba da leɓen madigadi, dole ne a fesa ruwan da ke sa fenti ya kama roba, shafi siriri, a jira mintocin da aka rubuta, sannan a ɗora bedlaina. In PE ce, fenti ba ya son zama a kanta, kada ka ɓata kayanka. A roba da 180 ko soson karta ake aiki, domin 80 tana tayar mata da gashi.

Rufe-rufe

Abin da ba a cire daga jikin mota ba, kamar gindin ƙofofi, sai an ja masa layi. Ka nemi layin da jikin motar ya zo da shi ka bi, ya fi kyau a ido fiye da wanda ka ƙirƙira. Ka fara da siririn tef ka fitar da layin, ka danne bakinsa da yatsa, sannan ka ɗora takarda da leda har saman mota, da gilasai, da tayoyi. Ka lanƙwasa ƙarshen tef ɗin layi ya zama kunne da za ka kama da safar hannu. Ramukan noti a cusa musu tsofaffin notoci ko nannaɗaɗɗen tef. In za ka zagaya da fentin cikin bakin ƙofa, ka tuna kaurinsa, kada ƙofa ta zo tana gogar sa.

Haɗi da gwaji

Awon Raptor kashi uku ne na fenti, kashi ɗaya na hadna: mililita 250 a cikin kwalbar 750, a rufe, a girgiza da ƙarfi minti biyu cur. Ka duba agogo, kada ka ƙiyasta. Ƙara hadna ba ya ƙara tauri, rage ta kuma yana barin fentin da danƙo har abada. In irin wanda ake sa wa launi ne, fentin mota mai tina ake zubawa, ba mai ruwa ba, kuma kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Awon launin ya zama ɗaya a kowace kwalba, in ba haka ba madigadin hagu zai bambanta da na dama. Kwalba ɗaya ake haɗawa a lokaci guda. Da zafi ma gara ka raba ta biyu a kofin awo, ka haɗa rabi.

Ka saita ƙarfin iska a agogon awo tsakanin psi 40 da 60, ka fesa a kwali daga nisan kamu biyu, wajen santimita 45 zuwa 50. Ƙarin iska da ƙarin nisa suna ba da kaushi mai laushi, ƙananan ƙwayoyi. Rage iska da matsowa kusa suna ba da manyan ƙwayoyi. Ga jikin mota na waje, ni na fi son mai laushin, domin ya fi sauƙin wankewa daga jar ƙasa. Manyan ƙwayoyi a bar wa matakala. In ka samu wanda ya yi maka, ka rubuta awon iskar, kada ka sake taɓa shi har a gama.

Fesawa

Ka fara da lungu da gefuna da bayan sashe, sannan fili. Bindiga ta fuskanci ƙarfen kai tsaye, hannu ya yi tafiya daga kafaɗa, ba wuyan hannu ke lilo ba. Ka danna kunamar kafin ka iso sashen, ka sake ta bayan ka wuce shi, kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. Shafin farko ba na rufewa ba ne. In kana hango firaima ta ƙasa kaɗan-kaɗan, daidai ne. Wanda ya nemi ya gama da shafi ɗaya mai kauri, zai ga fentin yana zuba a tsaye, tinar da ke ciki kuma ta kulle, ya yi kwanaki da laushi.

Ka jira wajen awa ɗaya, ko ƙasa da haka in da zafi. Ka taɓa kan tef ɗin da ke gefe, ba sashen ba: in bai biyo safar hannu ba, ya isa. A cikin wannan jira ka wanke bindiga da tina, domin abin da ya daskare a cikinta ba ya narkewa. Shafi na biyu a gicciye ake yin sa, in na farko daga hagu zuwa dama ne, wannan daga sama zuwa ƙasa, shi ke hana zane-zane. In bayan haka ka ga wani wuri ya fi wani kaushi, ka ja baya kamar taku ɗaya ka yi yayyafi sama-sama a kan sashen duka, zai daidaita. Gindin ƙofa da bakin madigadi na baya, inda tsakuwa ta fi duka, suna iya ɗaukar shafi na uku.

Tef ɗin layi tun fentin na da ɗanye ake cire shi, 'yan mintoci bayan shafin ƙarshe. Ka ja shi a hankali, kana karkatar da shi nesa da sabon fentin. In ka makara ya fara tauri, kada ka fizga, ka bi bakin layin da sabuwar reza tukuna. A lokacin ne kuma za ka zare abin da ka toshe ramuka da shi.

Bushewa da mayarwa

Cikin awa ɗaya zai bushe a taɓa, amma bai nuna ba. Kada ruwa ya taɓa shi har awa 72, ko na sama ko raɓa. Bayan kwana biyu zuwa uku za ka iya mayar da sassan a hankali, kana shimfiɗa tsumma inda sifana za ta jingina. Shiga daji da ɗora kaya a kariya sai bayan kwana biyar zuwa bakwai. Inda noti ke ɗaure bamba ko ƙugiyar ja a jikin shasi, ƙarfe ya zauna a kan ƙarfe ko a kan firaima kawai, ka kuma sake bin notocin da sifana bayan tafiyar farko.

Wankinsa ruwa ne da sabulu da burushi mai laushi. Injin wanki mai ƙarfi ba laifi bayan ya nuna, amma kada a kafa bakinsa a gefen layi. Kada a shafa masa folish, yana maƙalewa a cikin kaushin ya bar fari-fari. Fetur ko man birki in ya zuba, a goge da wuri.

In dutse ya fasa wani wuri har ƙarfe ya fito, kada ka jira damina. Ka yanke duk abin da ya ɗago da reza har inda fentin yake riƙe da ƙarfi, ka gurza wurin da kewayensa kamar faɗin yatsu uku da lamba 120, ka cire maiƙo, ka taɓa farin ƙarfen da firaima. Sai ka haɗa ɗan kaɗan a kofi, cokali uku na fenti da cokali ɗaya na hadna, ka ɗiɗɗiga shi da guntun soso maimakon shafawa, domin kaushin ya yi daidai da na kewaye. Ragowar hadna a toshe bakinta sosai a ajiye a inuwa, a wuri busasshe, nesa da hannun yara.